Ranar da Auta Ta Ƙaryata Dogo

"Maimaita abin da ka faɗa, ban ji da kyau ba."

Baba bai ɗaga murya ba. Shekarun da ya kwashe yana hedimasta sun koya masa cewa magana ƙasa-ƙasa ta fi tsawa kaɗa hanjin mutum.

Dogo yana durƙushe a gefen kafet, hannuwansa masu kanta a bisa gwiwa. Kafinta ne, shi ke yi wa makarantar da Auta take koyarwa bencina, can suka san juna. Ya daɗe yana zuwa gidan nan, kowa ya san da maganarsu, rana kawai ta rage a sa.

"Baba, ban zo don in tozarta kowa ba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Malama tana shan ƙwaya. Abin ya wuce magani. In ba a kai ta asibiti ba, ina tsoron abin da zai biyo baya."

A bayan labule Auta ta dafe bango. Dogo ya jima yana roƙonta ta faɗa da bakinta, kullum tana ce masa gobe. Ba ta taɓa zaton zai iya ba.

"Auta," Baba ya kira. "Na san kina nan. Shigo."

Ta shigo da ɗingishinta na ƙafar hagu, ta zauna kusa da Mama, wadda tuni ta fara share ido da gefen mayafi.

"Kin ji abin da ya ce. Duk cikin 'ya'yana ke kaɗai kika ɗauki allin da na ajiye, kuma ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Gaskiya ne?"

Ta saci kallon Dogo. Idonsa na kanta, yana roƙonta ba tare da ya buɗe baki ba.

Ta so ta faɗa. Allah ya sani ta so. Amma sai tunaninta ya tafi ga katin ƙwayar da ta cusa cikin rigar matashi. In ta ce e, yanzu za a birkice ɗakin, a kwashe, a bar ta da jikinta. Wannan tunanin shi ya rinjayi komai.

"Ƙarya ne, Baba."

Mama ta sauke ajiyar zuciya.

"Saɓani muka samu," Auta ta ci gaba. "Na ce a ɗaga maganar aure sai na ƙarasa karatuna, shi ne ya ce sai ya ɓata min suna."

Ita kanta ta yi mamakin yadda ƙaryar ta fito sumul, kamar ta kwana tana bitarta.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Na ɗauke ka ɗa. Mutane sun yi ta ce min me 'yata za ta yi da mai aske katako, na ce ni hali nake dubawa. Ashe ban iya dubawa ba. Tashi ka bar min gida. Kada in ƙara ganin ƙafarka a layin nan."

Dogo ya miƙe a hankali, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar. Ya tsaya.

"Malama, dube ni."

Ba ta ɗago ba.

"Allah ya ba ki lafiya," ya ce, ya fita.

*

Abin ya samo asali ne daga ranar da mota ta buge ta a hanyar makaranta, ƙashin cinyarta ya karye. Aka yi mata aiki, aka sa ƙarfe, aka rubuta mata tiramol na ɗan lokaci saboda zafi.

Lokacin ya cika, takarda ta ƙare, ciwo bai gama tafiya ba. Ga aji yana jiranta, ga tsayuwa a gaban allo tun safe.

Sai ta shiga kyamis ɗin bakin titi.

Mai Kyamis mutum ne mai fara'a, gwauro, kullum cikin farar riga irin ta likitoci, duk da cewa iyakar saninsa da asibiti zuwa dubiya. Bai tambaye ta takarda ba. Ya ce haba Malama, ai mun zama ɗaya.

Da farko guda ɗaya ke kai ta yamma. Daga baya ɗaya ta daina jin kira. Ƙafa ta warke, amma in ba ta sha ba sai hamma, sai majina, sai gumi mai sanyi, gaɓoɓinta su riƙa ciwo kamar ana kwankwatsa su. Abinci ya fita ranta. Rigunanta suka fara yi mata yawa, ta riƙa rage su da allura a ɓoye.

Dogo ne kaɗai ya lura. Shi ya ga yadda take gyangyaɗi a tsakiyar hira, da yadda hannunta ke rawa in ta ɗauki kofi.

Yanzu kuma ta kore shi da bakinta.

Ba a daɗe da korarsa ba motar Mai Kyamis ta fara tsayuwa a ƙofar gidansu. Yakan zo da na'urarsa ya auna wa Baba hawan jini, ya zauna su sha shayi, ya yi ta yabon tarbiyyar gidan.

"Yaron nan yana da hankali," Baba ya ce wata rana. "Ya gabatar min da kansa. Ban ce dole ba, amma ina so ki duba."

Mama ta biyo ta ɗaki ta zauna a bakin gado, dab da matashin. Auta ta kasa ɗauke ido daga wurin.

"Dubi yadda kika koma, wuya kamar na zakara. Duk tunanin wanda ya so ya kunyata mu ne? Yayyenki duk suna ɗakunansu, ke kina nan kina ramewa, mutane suna ta tambayata. Ga wanda ya san darajarki ya fito. Ko lafiyarki ma ya isa ya kula miki da ita."

"Mama, ba na son shi."

"Wancan da kike so me ya saka miki da shi?"

Auta ta kau da kai. Amsar tana bakinta, nauyinta ya fi ƙarfinta.

*

Ranar da katinta ya ƙare, da kyar ta kai ƙarshen darasi. Ana tashi ta nufi kyamis, gumi ya jiƙa mata baya.

Ta jira mai sayen maganin tari ta fita, sannan ta matsa jikin kanta.

"A ba ni irin na kullum."

Mai Kyamis ya ci gaba da jera kwalabe, bai juyo ba.

"Ya ƙare."

"Don Allah kar ka yi min haka. Jiya na ga kwalin."

"Kin gani da idonki, amma ya ƙare." Sai yanzu ya juyo yana murmushi. "Kin san abin nan akwai haɗari, Malama. In hukuma ta kama ni ina ba da shi babu takarda, rufe min shago za a yi. A kan wa zan ɗauki wannan kasadar? A kan wadda in na je gidansu take shigewa ɗaki ta ce kanta na ciwo?"

"Me kake so?"

"Kin sani. Baba yana jiran amsarki." Ya rage murya. "Ga matata ba ya ƙarewa. Ba roƙo, ba ɓoye-ɓoye, kuma ba wanda zai ji. Wancan dogon naki ya rufa miki asiri? Ni fa tun yaushe nake rufawa?"

Ta dube shi, ta ji tashin zuciya. Ba ta san ko na rashin ƙwayar ba ne ko na ganin fuskarsa.

Ta juya ta fita.

Ƙafafunta da kansu suka kai ta layin masu katako.

Dogo yana cikin shago shi kaɗai, yana goge murfin wata durowa, garin katako ya yi masa fari a gira. Da ya gan ta ya ajiye abin gugar. Ya jawo mata kujera ya karkaɗe.

Tana zama kuka ya ƙwace mata.

"Ka yafe min. Don girman Allah ka yafe min. Ban san me ya shiga kaina ba."

"Na san abin da ya shiga kanki," ya ce. "Shi ya sa ban riƙe ki ba."

"Ka tsane ni ko?"

"Da na iya da na huta."

Ya zauna a kan wani guntun gungume yana fuskantarta. Shi ma ya faɗa, idanunsa sun zurma.

"Magana ta kai kunnen Inna," ya ce. "An je an gaya mata an kore ni daga gidanku kamar ɓarawo, an ce na yi wa 'yar mutane ƙazafi. Kwana ta yi tana kuka. Ta ce tun rasuwar mahaifina ba wanda ya taɓa kiran ɗanta maƙaryaci. Na ce mata ba ƙarya na yi ba. Sai ta ce to in gaskiya ne ma ya fi muni, ba za ta haɗa jini da mai shan ƙwaya ba. Ta ce in na ƙara zuwa inda kike ba da yawunta ba."

Auta ta rufe fuska da tafukanta.

"Na raba ka da Baba, na haɗa ka da mahaifiyarka. Ni wace irin mutum ce?"

"Mara lafiya ce. Ba wani abu ba." Ya matso kaɗan. "Malama, ga mota nan a waje. Tashi mu je asibiti yanzu. Akwai likitocin da aikinsu ke nan, a hankali suke janye mutum daga abin, ba a yanke shi lokaci ɗaya. Na je na tambaya. Ni zan tsaya a waje in kin ga dama, ba sai an gan mu tare ba."

"In na je Baba zai sani."

"Zai sani."

"Hawan jininsa fa? Kashe shi zan yi."

"In aka kawo masa gawarki fa, shi ne zai rayu?"

Ta yi ta kuka har da shessheƙa. Hamma ta zo mata a tsakiyar kukan, ta biyu ta biyo. Ta ƙanƙame cikinta da ke murɗawa.

"Zan je. Wallahi zan je. Gobe."

Dogo ya runtse ido.

"Yau dai ba zan iya ba, ka ga yadda nake. In na samu na yau kawai, hankalina ya dawo jikina, gobe da kaina zan zo." Ta kama bakin teburin aikinsa. "Akwai wani kyamis a bayan tasha. Ni ba za su ba ni ba, amma kai namiji ne, in ka ce aikin ƙarfi kake yi za su ba ka. Guda biyu kawai. Ko ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga lokacin da abin ya sauka a zuciyarsa.

"Ashe abin da ya kawo ki ke nan."

"A'a, ba haka ba ne, na zo ne in..."

"Na ɗauka ni kika zo gani."

Hawaye ya gangaro masa, ya ratsa garin katakon da ke kumatunsa. Bai share ba.

"Ki ce in sayar da shagon nan in biya asibiti, zan sayar. Ki ce in koma gaban Baba ya ƙara kora ta, zan koma. Amma hannuna ba zai miƙa miki abin da zai kashe ki ba."

Wani abu ya taso mata, ba ta san daga ina ba. Ta miƙe.

"To riƙe son naka. Son da ba zai iya taimakona ranar da nake mutuwa ba, me zan yi da shi? Akwai wanda zai ba ni ba sai na durƙusa ba."

"Malama."

Ba ta waiwaya ba.

Kafin rana ta faɗi tana gaban kantar Mai Kyamis. Ta ce masa ta amince, ya je ya gaya wa Baba.

Ya buɗe wata durowa ta ƙasa ya miƙo mata kati.

"Wannan ya fi wancan ƙarfi," ya ce. "Na amarya ne."

*

Gida ya cika da murna. Mama ta riƙa kiran yayyen Auta a waya ɗaya bayan ɗaya. Baba ya sa mata albarka har sau ba adadi.

Ita kuwa sai ta ƙara yawan abin da take sha, don kar ta ji komai.

Ranar da abin ya faru tana gaban allo, tana koya wa 'yan aji uku raba lamba. Ta rubuta rabin lissafi, sai ta ga allon yana nisa. Wani ɗaci ya cika mata baki. Allin ya suɓuce.

Ba ta san ta faɗi ba. Ba ta san kanta ya bugi gefen benci ba, ko yadda jikinta ya sandare ya kama jijjiga, kumfa na fita ta gefen bakinta, yara suka watse waje suna kuka.

Da ta buɗe ido farin silin ta gani, da ledar ƙarin ruwa a rataye. Harshenta ya kumbura inda ta cije shi. Goshinta a naɗe da bandeji.

Mama na riƙe da hannunta. Baba na tsaye a ƙarshen gado, ya tsufa a yini ɗaya.

"Wa ya kawo ni?" ta tambaya da kyar.

Mama ta dubi Baba, ta yi ƙasa da murya. "Kafintan nan. Wai ya kai bencina makarantar, ya ji ihun yara. Shi ya ɗauko ki a motarsa."

"Na yi masa godiya, na ce ya tafi," in ji Baba. "Ya ƙi. Yana can a baranda, shi ya sani."

Ƙofa ta buɗe, Mai Kyamis ya shigo da leda cike da lemo da ayaba, yana ta salati. Ya gaisa da Baba, ya ce gajiya ce kawai da rashin jini, shi ya san irin wannan. Ya matso kamar zai gyara mata bargo.

Ta ji ya tura wani abu ƙarƙashin tafinta. Kati ne.

"Kar ki ce komai," ya raɗa mata. "In kika yi magana, ni da ke duka mun shiga uku."

Yatsunta suka rufe a kan katin tun kafin ta yi shawara da su. Jikinta ya riga ya fara nema. A ƙarƙashin bargo ta ɓallo guda biyu da babban yatsa, ta damƙe su a hannun hagu, tana jiran a ba ta wuri.

Sai likita ta shigo, mace mai furfura a gaban goshi. Ta duba idon Auta da 'yar fitila, ta ja kujera ta zauna.

"Akwai mai farfaɗiya a danginku?"

"Babu," in ji Baba.

"Akwai maganin da take sha?"

"Babu abin da take sha. 'Yata malama ce."

"Malamai ma suna rashin lafiya, Baba." Likitar ta juyo ga Auta. "Ƙanwata, ke nake tambaya, kuma in kina so kowa ya fita sai ya fita. Wanda ya kawo ki ya gaya min wani abu, amma daga bakinki nake so in ji. Akwai magungunan kashe zafi da in suka yi yawa a jiki suke kawo irin wannan jijjigar, wani lokaci su danne numfashi. Yau an yi sa'a akwai mutane kusa. In ta sake zuwa kina banɗaki ke kaɗai, ko kina tsallaka titi, ba na ce ga yadda za ta ƙare ba. Ba zan iya yi miki magani a kan abin da ban sani ba."

"Likita, wancan mutumin maƙaryaci ne," Baba ya ce. "Ya taɓa..."

"Baba."

Kowa ya juyo.

Auta ta dubi mahaifinta. Ta ga yadda ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu don kar a ga yana karkarwa. Mutumin nan zai tsaya gaban duniya ya rantse a kanta, ita kuma ta bar shi yana rantsuwa a kan ƙarya.

Ta zaro hannun dama daga bargo, ta ɗora katin a kan cinyarta.

"Dogo bai yi ƙarya ba. Ni na yi."

Ba ta jira tambaya ba.

"Tun bayan karayar nan ban daina ba. Kullum sai na sha. In ban sha ba ba na iya tsayuwa. Ya roƙe ni in gaya muku na ƙi, da ya faɗa kuma na ce sharri ya yi min." Kuka ya sarƙe ta, ta ƙoƙarta ta ci gaba. "Wannan kuma yanzu aka sa min shi a hannu. Ga wanda yake ba ni nan. Ya ce in na aure shi ba zai taɓa yanke min ba, shi ya sa na ce ina so."

Mama ta dafe ƙirji.

Mai Kyamis ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, ka san buguwar kai, ba ta cikin hayyacinta..."

Likitar ta ɗauki katin ta juya bayansa, ta dube shi daga sama har ƙasa, shi da farar rigarsa.

"A wane asibiti kake aiki?"

Ya ja da baya, ya laluba ƙofa, ya fice. Ledar lemonsa na nan a ƙasa.

Baba ya zauna a kan kujerar roba. Ya sunkuyar da kai. Auta ta so ya zage ta, ya fi mata sauƙi.

"A gidana," ya ce daga ƙarshe. "Ina ba shi shayi da hannuna."

"Ka yafe min, Baba."

"Kina ramewa a gabana ina cewa tunani ne. Yaro ya zo ya durƙusa ya gaya min gaskiya, na kore shi don ba ita nake son ji ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Likita, za ta warke?"

"Ana warkewa. Ba yau ba, ba gobe ba, kuma akwai wahala a gaba. Wasu sukan koma su sake tashi. Amma ana warkewa, in ta so, in kuma kun tsaya mata. Ku zo ofis ku biyu in yi muku bayanin yadda za mu fara."

Baba ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, ya leƙa baranda.

"Ɗana," ya kira, muryarsa ta karye a kan kalmar. "Zo."

Auta ta ji maganarsu ƙasa-ƙasa, ta ji Dogo yana cewa haba Baba, don Allah ka daina, ka fi ƙarfin haka. Sannan takun iyayenta ya yi nisa.

Dogo ya shigo. Gaban rigarsa duk jinin goshinta ne, ya bushe. Ya tsaya nesa da gadon.

"Sannu, Malama."

"Na faɗa musu."

"Na ji."

Bai ƙarasa rufe baki ba wata murya ta taso daga baranda.

"Ina yake? An ce min nan ya shigo."

Wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar, gajeriya, tana haki saboda matakala. Inna ce, mahaifiyarsa. Ta dubi jinin da ke rigar ɗanta, ta dubi Auta a kwance.

"Ina wuni, Inna," Auta ta ce, tana ƙoƙarin tashi.

"Yi kwanciyarki. Allah ya ba ki lafiya, da zuciya ɗaya na faɗa." Ta juya ga Dogo. "Ka bar shago a buɗe, ka bar maganata a ƙasa. Ka ceci rai, na ji, Allah ya ba ka lada. To ya isa. Kai kaɗai gare ni, ba zan zuba ido ka ƙare rayuwarka a barandar asibiti ba. Ina jiranka a bakin matakala. In ka ga dama ka bar ni tsaye."

Ta juya ta tafi.

Dogo ya bi ƙofar da kallo, ya dawo da idonsa kan Auta. Sai ta ga idon ya sauka, ya tsaya a kan hannunta na hagu. Garin yunƙurin gaida Inna bargon ya zame.

Hannun a dunƙule yake, har jijiyoyi sun fito.

"Mene ne a hannunki?"

"Ba komai."

Ya ɗago ya dube ta. Ta ji kunyar da ba ta ji ba ko a gaban Baba.

"Guda biyu ne kawai," ta ce, hawaye na bin gefen kunnenta. "Ka ji abin da likita ta ce, akwai wahala a gaba. Tsoro nake ji, Dogo. Ba ka san yadda abin yake ba. Ba sha zan yi ba, in riƙe kawai, in san suna nan."

"Na fi ƙarfin hannun nan, kin sani," ya ce a hankali. "Amma ba zan ɓamɓare shi ba. In na ƙwace yau, gobe wani zai miƙo miki. Ke za ki buɗe."

Daga can ƙarshen baranda muryar Inna ta kira shi.

"In na buɗe za ka tsaya?"

Ya dubi ƙofa.

"Ban sani ba. Uwata ce. Ba zan yi miki ƙarya ba, wallahi ban sani ba." Ya miƙo tafinsa. "Amma ko zan tsaya ko ba zan tsaya ba, ki buɗe."

Duk wata gaɓa ta jikinta tana ce mata kar ki yarda. Ta cije kumburarren harshenta har ta ji gishirin jini.

Ƙaramin yatsa ya fara saki. Sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya.

Gumi ya riga ya jiƙa ƙwayoyin, sun manne a tafinta. Sai da ya sa farce ya ɓamɓaro su.

"Zan kai wa likita," ya ce.

Inna ta sake kira, wannan karon muryarta da kuka a ciki.

Dogo ya fita ya ja ƙofar. Ofishin likita yana hannun dama, matakala tana hagu. Auta ta riƙe numfashi, ta kasa kunne. Takunsa ya yi dama, ta ji ya ƙwanƙwasa, ta ji ya yi magana, ta ji ya fito.

Takun ya dawo, ya zo daidai ƙofarta, ya tsaya.